Rijiya Kafin Taswira: Sake Duba Shata Iyakar Kwara zuwa Tafkin Chadi, 1890–1908

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda Ingila da Faransa suka auna ƙasar da suka mamaye tsakanin Kogin Kwara da Tafkin Chadi, ta nuna cewa neman ruwan sha ne ya fi komai tanƙwara layin da ya raba ƙasar Hausa gida biyu.

Waiwaye

Maganar da ta fi yawo ita ce wai Turawa sun ja layi a kan tebur ba tare da sanin ƙasa ba. Wannan ya fi dacewa da yarjejeniyar 1890, wadda ta miƙe daga Say a bakin Kwara zuwa Baruwa a bakin Tafkin Chadi. Wanda ya cancanci a ja da shi shi ne J. C. Anene, da ya nuna a littafinsa na 1970 cewa iyakokin Nijeriya sun yi la'akari da rabe-raben siyasar da aka tarar. Yana da hujja: Maraɗi da Tsibiri, waɗanda ba su taɓa miƙa wuya ga Sakkwato ba, sun faɗa hannun Faransa, kuma yarjejeniyar 1904 ta ambaci barin mutanen Tasawa, Maraɗi da Damagaram a ɓangarenta. Amma in siyasa ce ma'auni, me ya kai Birnin Ƙonni, wadda ke bin Sarkin Musulmi, hannun Faransa, alhali Zango da Ɓaure masu bin Damagaram suka zauna a ɓangaren Ingila?

Hanyar bincike

An kwatanta matanin yarjejeniyoyin 1890, 1898, 1904 da 1906 da rahotannin tawagar Tilho, jami'in Faransa da ya jagoranci ɓangarenta wajen kafa alamomin iyakar.

Sakamako

Yarjejeniyar 14 ga Yuni 1898 ta zana baka mai nisan mil 100 daga tsakiyar birnin Sakkwato. A takarda abin gwanin kyau. A ƙasa kuwa, duk ayarin Faransa da ya taso daga Kwara zai nufi Damagaram sai ya kewaye bakan ta arewa, ta ƙasar da rijiya ke nesa da rijiya, inda rani ke kashe shanun dako da jakuna. Barikin Damagaram ya zama kamar tsibiri, ga shi na Faransa ne, kai masa guzuri ya gagara. Tawagar haɗin gwiwa ta 1903–1904, ƙarƙashin Elliot na Ingila da Moll na Faransa, ta je da kayan auna taurari don tsayar da layin, ta dawo da shaidar cewa ba zai yi aiki ba. Saboda haka a ranar 8 ga Afrilu 1904 aka sauko da iyakar kudu, a cikin takardar da Faransa ta saki haƙƙin masuntanta na amfani da gaɓar Niyufanlan. Abin yana da ciwo, a ce cinikin masunta a wata uwa duniya ne ya taya yanke makomar Ƙonni. Yarjejeniyar 29 ga Mayu 1906 ta daidaita layin, sannan Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila suka bi shi daga 1906 zuwa 1908 suka kafa alamomi 148, waɗanda mutanen karkara ke kira tangaraho.

Tauraro yana gaya wa mai awo inda yake tsaye, ba ya gaya masa rijiyar da ke ƙafewa a bazara ko zangon da zai shayar da raƙumi ɗari. Wannan sanin fatake ne da madugai da masu ja-gora, da shi aka cika taswirar.

Iyakar binciken

Gaskiya ne duk takardun nan Turawa ne suka rubuta su, har tarihin sarautun da Landeroin, tafintan tawagar Tilho, ya tattara daga bakin dattawa. Kuma daga gabashin Damagaram, inda layin ya hau kogin Komadugu Yobe, hujjar rijiya tana raguwa.