Ƙofar New York da Tsofaffin Masu Gadinta

A shekarar 1972 majalisar dokokin Amurka ta kafa gandun shaƙatawa na Gateway a bakin mashigar tashar jiragen ruwan New York, ta damƙa shi ga hukumar kula da gandayen ƙasa. Yawancin abin da hukumar ta gada a nan kayan soja ne da aka daina amfani da su: sansanonin Hancock da Tilden da Wadsworth, da filayen jirgin sama na Floyd Bennett da Miller. Ban da waɗannan akwai hasumiyar fitila ta Sandy Hook. Ra'ayin da wannan maƙala ke karewa shi ne, darajar waɗannan gine-gine tana cikin jerinsu, domin kowanne ya nuna yadda aka tsare ƙofa guda a zamaninsa da kuma abin da ya zo ya ture shi. Saboda haka aikin adanawa ya kamata ya bi jerin, ko da za a bar wasu gine-ginen su rushe.

Hasumiyar Sandy Hook ce farkon jerin. An kunna ta a 1764 da kuɗin da 'yan kasuwar New York suka nema a tara ta hanyar caca, bayan asarar da suka sha a rairayin mashigar, kuma ita ce mafi tsufa cikin fitilun Amurka da ke ci har yau. Da aka gina ta, tazararta da ƙarshen tsirin bai wuce mita 150 ba. Yanzu ya haura kilomita 2, don igiyar ruwa na ta jibge yashi a arewacinta. Hasumiyar ba ta motsa ba, ƙasar ce ta yi tafiya. Daga nan sai ganuwar dutse ta Battery Weed a Wadsworth, mai hawa-hawa da tagogin igwa, wadda igwa mai zare a cikin bututu ta mayar da ita abin kallo tun zamanin yaƙin basasar Amurka. Aka koma kankare da ɓuya: a Battery Potter ta Sandy Hook, injin tururi ne ke ɗaga igwa ta yi harbi, ta sake nutsewa cikin ginin. Jirgin sama ya zo ya ga abin da aka ɓoye daga bisa, sai aka girke makamai masu linzami samfurin Nike, su ma aka kwashe su a 1974 da makaman da ke tsallake nahiya suka fi ƙarfinsu.

Filin Floyd Bennett ya shiga wannan lissafi ta wata fuska. An buɗe shi a 1931 a matsayin filin jirgin sama na farko mallakar birnin, kuma daga nan matuƙi Wiley Post ya tashi a 1933 ya kewaya duniya shi kaɗai. Amma kasuwa ta ƙi shi, don filin jirgin Newark ya riƙe jigilar wasiƙu, har sojan ruwa suka karɓe shi a 1941. Rashin sa'arsa ce ta ajiye shi. Da ya yi ciniki, da tuni an rushe rumfunansa an faɗaɗa.

Masu suka na cewa gandun gaɓar teku na tsuntsaye ne da masu wanka, kuma kuɗin da ake zubawa kan kankaren yaƙi ɓarna ne. Sai dai sun manta wane ne ya tsare filin. Shingen soja ne ya hana magina cinye Sandy Hook da Tilden kamar yadda suka cinye sauran gaɓar, kuma ciyawar da ke tsakanin titunan saukar Floyd Bennett ta zama mafakar tsuntsaye. Suka mafi nauyi ita ce ta teku. Guguwar Sandy ta Oktoban 2012 ta malale wurare da dama a gandun, ruwa kuma yana ƙara hawa. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa zaɓe ya zama dole: a kashe kuɗi kan Battery Potter, wadda babu irinta, a bar wasu ɗakunan igwa masu kama da juna ga ciyawa da gishiri, bayan an auna su an ɗauki hotonsu.

Saura gidajen hafsoshi 18 na bulo ruwan ɗorawa da ke jere a Hancock suna fuskantar ruwa. Hukumar na ba da hayar irinsu ga wanda zai gyara da kuɗinsa, wasu kuwa na ganin an sayar da dukiyar jama'a ta bayan gida. Tsoron yana da tushe idan haya ta toshe hanyar shiga. Amma gidan da ba kowa a ciki, rufinsa ke fara yoyo, baranda ta bi baya, kuma da yawa daga cikinsu sun shekara hamsin a rufe.