Tarihin kacar keken tsere, da dalilin da ya sa har yau da hannu ake ɗaure ta

1/ Zare ne mai tsawo, ku gyara zama. Makon jiya kaca ta zame min ina gangarowa a kan keken da na haɗa da kaina, irin wanda fedarsa ba ta tsayawa matuƙar taya na juyawa. Gwiwata ce ta biya kuɗin. Ina jinya na shiga karatun tarihin abin, sai na gano ashe matsalar ta girmi kakana.

2/ Da farko ku san wane keke nake nufi. Keken da muka saba yana da firiwil, wato za ka iya daina tuƙi ka bar shi yana tafiya yana ƙyas-ƙyas. Na tseren fili ba shi da wannan. Ƙaramin gurmin baya mai haƙora a ɗaure yake da wili. Taya ta juya, feda ta juya. Ka matsa feda baya, keke ya rage gudu. 'Yan gayu suna ce masa fiksi.

3/ Kuma ba sabon salo ba ne, shi ne asalin. Kekunan Faransa na shekarun 1860 fedarsu a jikin tayar gaba take, babu kaca sam. Juyi ɗaya na ƙafa, juyi ɗaya na taya. In kana son gudu sai dai ka ƙara girman tayar. Daga nan aka samu keken nan na shekarun 1870 mai ƙatuwar taya a gaba da 'yar mitsitsiya a baya. Ka ci karo da dutse, da ka za ka sauko.

4/ Kaca ce ta raba gardama. A 1880 Hans Renold, ɗan Suwizalan da ke zaune a Manchester, ya ƙirƙiro kaca mai 'yan gurguzai masu juyawa, kakar wadda muke amfani da ita yau. A 1885 John Kemp Starley ya fito da keken Rover a Coventry: tayoyi biyu kusan kai ɗaya, kaca na jan ta baya. Yanzu girman faranti da gurmi ne ke ba da gudu, ba girman taya ba. A 1888 Dunlop ya kawo taya mai iska.

5/ Sai a ƙarshen shekarun 1890 firiwil ya yaɗu. Masu zuwa kasuwa suka yi murna, amma 'yan tseren fili suka ce a kai kasuwa. Major Taylor, baƙar fatar Amurka da ya zama zakaran duniya a Montreal a 1899, a kan keke marar firiwil ya yi. Har gobe dokar UCI a tseren fili ita ce: babu firiwil, babu canjin giya, babu birki.

6/ Ku tsaya a nan, don nan ne gizo ke saƙar. Keken da babu birki, kacarsa ita ce birkinsa. In ta fita, ƙafarka ta rabu da taya ke nan, ba ka da abin tsayawa. Wani lokacin ma sai ta maƙale tsakanin gurmi da wili, tayar baya ta ƙame nan take. Ka ɗauka kana kan kwanar fili mai gangaren kusan digiri 45, mutane biyar a bayanka.

7/ Yanzu ɓangaren da ya fi burge ni. Tour de France an fara shi a 1903, kuma mai shirya shi, Henri Desgrange, ya daɗe yana ƙin na'urar canjin giya. A ganinsa ragwanci ce. Sai a 1937 aka ba kowa damar amfani da ita. To kafin nan ya ake hawa dutse?

8/ Wilin baya yana da gurmi a kowane gefe, babba na hawa, ƙarami na shimfiɗa. Ka iso gindin dutse, ka sauka, ka kwance noti, ka cire wili, ka juya shi, ka mayar da kaca, ka ja wilin baya har ta yi daidai, ka ɗaure. Duk wannan abokan tsere na wuce ka. Ke nan ɗaure kaca wani ɓangare ne na gasar kanta. Mai rawar hannu ya yi asarar mintoci, mai gaggawa ya ɗaure a karkace ya sake sauka.

9/ Labarin da aka fi yaɗawa shi ne na Tullio Campagnolo. An ce a 1927, a mashigar dutsen Croce d'Aune a Italiya, sanyi ya daskarar masa da yatsu har ya kasa kwance notin wilinsa. Haushin wannan ne ya kai shi ga ƙera ɗan hannun nan da ake ɓalle wili da shi ba sufana. Abin dariya, kekunan fili har yau noti suke amfani da shi, sufana mai lamba 15.

10/ Da na'urar canjin giya ta zo, sai ta zo da hannu mai sifirin da ke jan kaca da kansa. Shi ya sa mai keken zamani bai ma san ana saita ƙarfin kaca ba. Na taɓa tunanin in saka irinsa a nawa. Ba ya yiwuwa. In ka danne feda baya, ƙasan kacar ne ke ɗaukar nauyi, kuma ƙarfin ƙafa zai miƙar da hannun ko ya karya shi.

11/ Saboda haka firam ɗin keken fili yana da tsaga a kwance a baya, bakinta na kallon baya. Ka ja wili baya, kaca ta ɗaure. Ka tura gaba, ta saki. Ƙarin haƙori ɗaya a gurmi yana matsar da wilin kusan milimita 3. In kun duba tsohon Raleigh ko Phoenix na gidan kakanni, za ku ga irin tsagar da wasu 'yan ƙusoshi biyu masu jan wili baya. Fasaha ɗaya ce.

12/ Japan ce ta riƙe tsohon tsarin gam. Tseren keirin an fara shi a Kokura a 1948, ana caca a kansa, don haka kayan keken maza sai masu hatimin NJS, firam na ƙarfe, kowa da irin na kowa. Har ɗan abin jan kacar sai mai hatimi. Keirin ya shiga Olamfik a Sydney a 2000.

13/ A gefe guda kuma masu kai saƙo a New York suka fito da keken fili kan titi, don ba shi da abin lalacewa da yawa. Ɗaya daga cikinsu, Nelson Vails, ya ci azurfa a Olamfik ɗin 1984. Daga irinsu yayin fiksi ya bazu, har ya iso kaina.

14/ To ya ake saitawa? Na kai keken wajen wani dattijo mai gyara a unguwarmu. Na ce, Baba, ai na ɗaure ta sosai da farko, ƙara take yi, shi ne na sassauta. Ya ce, yaro, a wuri ɗaya ka gwada ko? Ya juya feda a hankali yana taɓa kacar da sufana. Wani wuri ta yi tauri, wani wuri ta yi laƙwas.

15/ Dalili shi ne babu farantin da yake zagaye cif a kan tsakiyarsa. Kullum akwai inda kaca ta fi ɗaurewa. Nan za ka nemo, nan za ka saita. A tsakiyar kacar, ka ɗaga ka danna, ta yi wasan kusan santimita 1. Sannan ka je inda ta fi saki, ka tura ta gefe ka ga ko za ta iya haurawa kan haƙora. In bambancin ya yi yawa, ka sassauta ƙusoshin faranti ka daidaita shi.

16/ Ni kuskurena biyu ne. Da farko na ɗaure ta kamar tsirkiya, abin da ke cin boris da haƙora, ya kuma sa feda nauyi. Da na sassauta, a wuri mai tauri na kwatanta da ido, ban duba ɗaya ɓangaren ba, ashe can ta yi reto.

17/ Yadda Baba ya yi: ya ɗaure notin hagu kaɗan, ya tura bakin taya gefe don ɓangaren dama ya ja baya, ya ɗaure na dama, ya saki na hagu ya miƙe wilin a tsakiya. Kaɗan-kaɗan har ta zauna, sannan ya ɗaure duka da ƙarfi. Ya kuma duba zoben da ke kulle gurmi, wanda zarensa na hagu ne don kada taka baya ta kwance shi.

18/ Gargaɗi, don Allah. Kada ku goge kacar fiksi da tsumma wili na juyawa. Babu firiwil da zai tsayar da ita, nauyin taya zai ja tsumma da yatsa cikin haƙora. Mutane sun rasa kan yatsa a haka.

19/ Muna da filin tseren keke a babban filin wasa na Abuja, an gina shi don wasannin Afirka na 2003. A Paris 2024 kuma Ese Ukpeseraye ta wakilci Najeriya a keirin da keken da tawagar Jamus ta ara mata. Ina kallon bidiyon tserenta jiya, gwiwa a naɗe, idona a kan kacar kawai. Nawa keken yana jingine a ɗaki, Baba ya ce kada in hau titi sai na saka birkin gaba.