Yadda Keken Ɗinki Ya Shiga Gidaje

A watan Fabrairun 1851 Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim a ƙasar Hausa, ya shiga birnin Kano. Cikin abubuwan da suka fi ɗaukar hankalinsa har da sana'ar tufafi. Ya rubuta cewa kayan da Kanawa ke saƙawa suna rinawa na kaiwa har Tambutu da Gat da Murzuk da Tarabulus, ya kuma ƙiyasta wanda ake fitarwa a shekara da wuri miliyan 300 a ƙalla. Duk wannan kaya da hannu aka yi shi. Mata su gurje auduga su kaɗa zare da mazari, masaƙa su saƙa siraran ƙyallaye masu faɗin 'yan yatsu, maɗinka kuma su bi su da allura ɗaya bayan ɗaya har su zama riga ko wando ko zane. A wancan zamani allura ta maza ce. Malamai da almajiransu da yawa da ɗinkin hula da aikin wuyan riga suke riƙe kansu, kuma babbar riga mai aska takwas takan ci watanni kafin a gama ta.

A watan Agustan shekarar 1851 ɗin, can a Amurka, wani mai suna Isaac Merritt Singer ya karɓi takardar mallakar wani inji da ke ɗinki. Ba shi ya fara ba. Tun 1790 wani kafinta a Ingila, Thomas Saint, ya yi rajistar zanen injin ɗinkin fata. A 1830 wani tela Bafaranshe, Barthélemy Thimonnier, ya ƙera wanda ya yi aiki sosai, har aka jera guda 80 a wani shago a birnin Faris ana ɗinka kakin soja. Shekara na zagayowa telolin birnin suka afka wa shagon suka farfasa injinan, don gudun kada abincinsu ya ƙare. Thimonnier ya rasu a 1857 cikin talauci. Shi ma Walter Hunt na New York ya haɗa nasa a farkon shekarun 1830, amma bai yi masa rajista ba.

Abin da ya daɗe yana ɗaure wa maƙera kai shi ne ƙoƙarin sa inji ya kwaikwayi hannu, wato ya cusa allura ta fita ta ɗaya gefen, ya juyo da ita. Sai da aka bar wannan tunani sannan hanya ta buɗe. Aka mayar da kafar allura kusa da tsininta, aka kuma yi amfani da zare biyu. Allura ta huda yadi ta kai zaren sama ƙasa, ƙoshiya ta ratsa ta cikin lanƙwasarsa da zaren ƙasa, su sarƙe a tsakiyar yadin. A kan wannan dabara Elias Howe ya sami takardar mallaka a 1846, kuma har yau a kanta kekunan gida suke aiki. Singer ya ƙara abubuwan da suka sauƙaƙa aikin: allura mai sauka a tsaye, da shimfiɗaɗɗen wurin ɗora yadi, da ƙafar da ke danne shi. Allen Wilson kuma ya kawo haƙoran nan da ke jan yadi gaba da kansu.

Da kuɗi suka fara shigowa sai rigima ta tashi. Howe ya kai Singer kotu, ya yi nasara a 1854, aka biya shi dala 15,000. Shari'u suka yi yawa tsakanin kamfanoni har suka ga cewa lauyoyi kaɗai ke cin riba. A 1856 manyansu suka haɗa takardun mallakarsu wuri guda, suka yarda a riƙa ba Howe dala 5 a kan kowane keken da aka sayar a Amurka. Wannan yarjejeniya ta kai har 1877. Allura ce cikin ruwa, mutane da yawa sun lalube ta, amma sunan Singer ne ya bi duniya.

Dalilin haka yana wajen sayarwa. Kekunan farko na masana'antu ne, masu nauyi da tsada. Guda ɗaya yakan haura dala 100 a lokacin da iyali da yawa ba sa samun fiye da dala 500 a shekara. Edward Clark, lauyan da ya zama abokin kasuwancin Singer, shi ya gano cewa babbar kasuwa tana cikin gidaje, wurin matan da ke kwana kan ɗinkin iyali. A 1856 ya fito da tsarin biya kaɗan-kaɗan: a ba da dala 5 a ɗauki keke, sauran a riƙa biya wata-wata. Kamfanin ya riƙa karɓar tsohon keke ya rage kuɗin sabo, ya ɗauki mata aiki suna ɗinki a gaban jama'a don a ga cewa mace za ta iya sarrafa inji, ya kuma baza wakilai gida-gida suna koyarwa, suna gyara, suna karɓar biya. Lissafin ma a fili yake. Rigar namiji da ke cin awa 14 a hannu, keke kan gama ta cikin awa ɗaya da 'yan mintoci.

Saura matsala guda. Keke yana haɗawa, amma ba ya yanka, kuma tufafin Turawa masu bin jiki ne, yankansu sai gwani. A 1863 wani tela a jihar Massachusetts, Ebenezer Butterick, ya fara sayar da samfurin yanka na siririyar takarda, girma-girma, ta yadda uwa za ta shimfiɗa shi a kan yadi ta bi da almakashi. Kamfanin McCall ya biyo baya a 1870, Simplicity a 1927. A Jamus, Aenne Burda ta fara buga mujallarta a 1950, daga baya ta riƙa saka takardun yanka a cikinta. Duk lokacin da rayuwa ta yi tsanani sai ɗinkin gida ya ƙara daraja. A Birtaniya an taƙaita sayen tufafi daga 1941 zuwa 1949 saboda yaƙi, gwamnati ta riƙa koya wa mata faci da juya tsohon kaya ya koma sabo. A ƙauyukan Amurka kuwa, lokacin karayar tattalin arzikin shekarun 1930, mata sun ɗinka wa yara riguna da buhunan gari, har masu gari suka fara buga furanni a jikin buhun.

Kafin nan keke ya riga ya tsallaka teku. Kamfanin Singer ya buɗe masana'anta a Glasgow a 1867, sannan ya gina wata katafariya a Clydebank a shekarun 1880, wadda ta riƙa aika kekuna ƙasashen duniya har aka rufe ta a 1980. Asiya ma ta shiga ƙira: Usha a Indiya, Brother da Janome da Juki a Japan, Butterfly a birnin Shanghai na ƙasar Sin. A can Sin akwai zamanin da keken ɗinki yake cikin kaya huɗu da ake so sabon gida ya mallaka, tare da keken hawa da agogo da rediyo.

A ƙasar Hausa, shigowar keke ta yi ƙarfi ne bayan hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, kantunan Turawa suka cika da yadi mai faɗi da kayan ƙarfe. Yadin kanti ya dace da keke fiye da siririn saƙin gida, don haka suka bunƙasa tare. Maza ne suka fara karɓarsa, suka kafa shi a rumfunan kasuwa da zaurukan gidaje, wasu kuma suka saɓa keken hannu a kafaɗa suna yawo unguwa-unguwa suna kaɗa almakashi. Sannu a hankali ya wuce zaure ya shiga cikin gida. Darussan kula da gida a makarantun 'yan mata da cibiyoyin koyar da mata sana'a sun taimaka, sannan sauyin sutura ya buɗe kasuwa. Da mata suka koma riga da zane da ɗankwali na atamfa, sai aka buƙaci mai auna jikin mace, kuma mace ta fi sakewa a hannun 'yar'uwarta. Matar da ba ta fita ta sami sana'ar da masu saye ke zuwa har ɗakinta, yara su kai su karɓo. Abin da Clark ya yi da biyan wata-wata, adashi ya yi shi a nan, wasu iyaye kuma suka sa keke cikin kayan ɗakin 'yarsu. Aikin hannu ma ya canza masu shi: a birnin Zariya, zuwa ƙarshen ƙarni na 20, mata da yawa sun rungumi aikin manyan riguna da huluna wanda a da na maza ne.

A Turai da Amurka tufafin kanti masu arha sun ture ɗinkin gida tun daga shekarun 1970, ya koma abin sha'awa ga mai hali da lokaci. A nan gwanjo da kayan Sin sun cinye kasuwar ƙananan kaya, amma ba su iya taɓa ɗinkin atamfa da shadda da leshi ba, domin a yadi ake sayensu, kuma dole wani ya yanka ya ɗinka daidai jikin mai su. Samfurin takarda irin na Butterick bai taɓa kama ƙasa ba. Maɗinkiyarmu da tef da alli take aiki, ko ta ɗora tsohuwar riga a kan sabon yadi, yanzu kuma hoton waya ya isa ta fitar da sabon yayi. Kamfanin Singer ya fitar da keke mai lantarki tun 1889, amma rashin tsayayyar wuta ya sa baƙin keken ƙafa bai tsufa ba. Kayan gyaransa suna kasuwa, mai gyaransa yana unguwa, kuma a goman ƙarshe na azumi, lokacin da ɗinkin sallah ya taru, shi ne ba ya tsayawa idan an ɗauke wuta.