Douglas Adams: marubucin da ya rushe duniya don a yi titi

Douglas Adams marubuci ne ɗan ƙasar Ingila. An haife shi a Cambridge ranar 11 ga Maris, 1952, ya mutu a jihar Kalifoniya ta Amurka ranar 11 ga Mayu, 2001 sakamakon bugun zuciya, yana da shekara 49. Fagensa shi ne ƙagaggen labarin kimiyya, wato labaran taurari da kumbo da na'urori masu tunani, sai dai shi da barkwanci ya shigo fagen. Tun ina sakandare nake karanta shi, har yau da furfura ta fara leƙowa ban daina ba.

Aikin da ya fito da shi, The Hitchhiker's Guide to the Galaxy, wasan kwaikwayo ne na rediyo da BBC ta fara watsawa a 1978. An mai da shi littafi a 1979, wasu huɗu suka biyo baya, na ƙarshe a 1992. An yi shi a talabijin a 1981, fim kuma a 2005.

Labarin ya fara ne da wani bawan Allah, Arthur Dent, da ya wayi gari ya tarar da katafila a ƙofar gidansa. Hukuma za ta rushe gidan ta yi titi, wai an daɗe da liƙa sanarwa a wani lungun ofis da ba mai shiga. Ana cikin wannan taƙaddama sai ga wasu halittu da ake kira Vogon, ma'aikatan gwamnatin sararin samaniya, sun zo rushe duniyar gaba ɗaya, su ma titi za su yi. Hujjarsu? Takardun sun shekara 50 a ofishinsu da ke kusa da tauraron Alpha Centauri, wanda bai je ya duba ba shi ya so. Duk wanda ya taɓa ganin jan fenti a bangon shagonsa a Legas ko Fatakwal ba sai an fassara masa wannan dariyar ba. A ganina nan gwanintar Adams take: mugun labarinsa ba ya riƙe takobi, fom yake riƙewa, kuma ko haushinka ba ya ji, aikinsa kawai yake yi.

Arthur ya tsira da taimakon abokinsa Ford Prefect, ya zama baƙo a ko'ina, babban burinsa ya sami shayi mai kyau. Akwai wani ɗan kifi mai suna Babel da ake cusawa a kunne, nan take mutum ya fahimci kowane yare. Wallahi da ana sayar da shi, da sabon zuwa kasuwar Mile 12 ya huta. Sai kwamfutar Deep Thought da ta shafe shekara miliyan 7 da rabi tana lissafin amsar rayuwa, ta ce 42 ce, sannan aka gano ba wanda ya san ainihin tambayar.

Ya kamata mai karatu ya sani: Adams bai yi imani da addini ba, bai kuma ɓoye ba, kuma hakan na leƙowa a wasu shafukan. Nan muka raba gari da shi, amma ban jefar da littattafan ba.

Ya kuma yi aiki a shirin talabijin na Doctor Who, ya rubuta littattafan jami'in bincike Dirk Gently, sai Last Chance to See na 1990, wanda suka yi da Mark Carwardine kan dabbobin da ke dab da ƙarewa. Tun 2001 masoyansa ke yawo da tawul kowace ranar 25 ga Mayu, saboda a littafin tawul ne kayan da matafiyi ba ya rabuwa da shi.