Turaren Mai Jego a Yerwa, Daga Jawi Zuwa 'Yar Kwalba

Jama'ar Hausari, duk wanda ya taɓa shiga gidan haihuwa a garin nan ya san hanci ne ke fara yi masa maraba. Ƙamshin turaren wuta da humra kan tare mutum tun daga zaure. Kanawa da Katsinawa sun daɗe da sallama wa Barno a wannan fanni, shi ya sa har gobe amaryar Kano ke aikowa Yerwa a haɗa mata. To amma abin da ake kira turare a yau ya sha bamban da wanda kakanninmu suka sani, kuma mai ciki da mai jego su ne bambancin ya fi shafa.

Asalin kayan baƙi ne. Baturen nan ɗan Jamus, Barth, da ya sauka Kano da Kukawa a 1851, ya lissafa jawi da kanumfari da man wardi cikin hajar da ayarin raƙuma ke kawowa daga Tarabulus. Tsada gare su, sai gidan sarauta da na attajirai. Bayan an kafa Yerwa a 1907, Shehu Garbai ya tare a cikinta, hanyar gabas ta ƙara buɗewa: daga nan zuwa Fallomi, wato Injamena ta yau, a ratsa Darfur har bakin Bahar Maliya. Alhazai kan yi shekaru a wannan hanya suna tafiya suna sana'a, waɗanda suka dawo kuwa suka zo da ɗabi'ar matan Sudan ta haɗa humra da itacen sandal da farce da mahlab, da kuma tsugunno a kan hayaƙin itace. Shuwa da Barebari suka gwanance, matanmu suka koya a wurin maƙwabta. Da jirgin ƙasa ya iso Maiduguri a 1964 kuwa, sai kayan suka samu hanyar zuwa ko'ina.

Farcen nan ma ba sabon abu ba ne. Ya zo a hadisin Ummu Aɗiyya cewa an yi wa mace rangwame ta yi amfani da ɗan ƙusɗu da azfar idan ta yi wankan tsarki, ko da tana cikin takaba. Ku lura da kalmar "ɗan". Kaɗan aka ce.

A wancan tsari na da, itace ne da ƙaro da saiwa irin kajiji. A daka, a jiƙa, a bar shi ya kwana biyu, sannan a ɗora a garwashi a turara zane da ɗaki. Abin da ke kaiwa ga jiki bai taka kara ya karya ba. 'Yar kwalbar yau kuwa tataccen mai ne da aka fitar ta hanyar tururi, ilimin da malaman Musulunci irin su Alkindi na Bagadaza suka rubuta a kansa tun ƙarni na 9. Kafin a samu kilo ɗaya na man wardi sai an tace fure fiye da tan 3. Don haka ɗigo guda na man kanumfari ko na na'ana'a ko na ganyen bishiyar turare ya fi ƙarfin a auna shi da mudun kakanni. Ni da nake sayar da su ina gani, mace za ta zo ta ce a waya aka ce mata ta ɗiga a shayi don nakuda ta zo da sauƙi. Ba na sayar wa irin wannan, ko ranta zai ɓaci.

Wani zai ce ai al'ada ce, kuma daga tsiro aka samo. To, mu Hausawa muna da darasi a kan wannan, kuma da kayan Barno aka koya mana shi. Kanwar da fatake ke ɗauka daga bakin tafkin Chadi zuwa ƙasar Hausa, ita ake damawa mai jego a kunu. A shekarun 1970 wasu likitoci biyu a asibitin koyarwa na Zariya, Davidson da Parry, suka bibiyi matan da ke zuwa da kumburin jiki da haki bayan haihuwa. Suka tarar kusan mace 1 cikin 100 na kamuwa da ciwon zuciya, kuma abin ya fi yawa a watan Yuli. Wankan tafasasshen ruwa safe da yamma, kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashinsa, ga kunun kanwa mai tara gishiri a jiki, su suka taru suka yi wa zuciya yawa. Iyayen da suka yi wannan ƙauna ce ta sa su, mudun ne ya yi yawa. Kuma bari in faɗa a matsayina na mai ja wa mutane salla: wankan arba'in da ruwan zafi ba hukuncin addini ba ne. Malamanmu na Malikiyya sun yi maganar jinin biƙi, iyakarsa kwana 60, da wankan tsarki idan ya ɗauke. Ba su ce a dafa mace ba.

Jariri kuma lamarinsa ya fi laushi. Likitocin yara a Legas da Ibadan sun daɗe da nuna cewa kafur ɗin da ake jefawa cikin akwatin tufafi, da hoda ko man shafawa mai mentol, suna fasa jinin wasu jarirai su jawo shawara mai tsanani, wadda kan taɓa ƙwaƙwalwa. Dalili shi ne wani rauni na gado a cikin jini, wanda kusan namiji 1 cikin 5 a ƙasar nan ke ɗauke da shi ba tare da ya sani ba. Kayan jariri a wanke a shanya a rana, a raba su da akwatin kafur. Cibiya kuma akwai maganinta da ake bayarwa a asibiti, ba ta bukatar turare ko man zafi.

Ga mai ciki, abin da ungozomomin asibiti ke faɗa shi ne ta haƙura da tataccen mai a watanni ukun farko, kuma kada ta sha shi a kowane wata. Man kanumfari idan aka haɗiye shi yana iya lalata hanta. In za a shafa daga baya, ɗigo ɗaya a cikin ƙaramin cokali na man zaitun ko man kaɗanya ya isa, bayan an tambayi masu awo. Mai shayarwa kada ta sa a ƙirji, domin da ƙamshin jikin uwa jariri ke gane nono. Tsugunno kuwa a bari sai jini ya ɗauke, ɗinki ya warke.

Sauran magana ta ɗaki ce. Kakanninmu a tsakar gida suke kunna kasko, ko a ɗakin da iska ke ratsawa ta ko'ina. Mu kuma mun koma ɗakin siminti da tagar gilashi, lokacin hunturu a rufe ruf, garwashi na ci, jaririn kwana uku na kwance a gefe. Hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kisa ba tare da an ji warinsa ba. A fitar da yaro a turara ɗakin, a buɗe taga hayaƙin ya lafa, a fitar da kaskon, sannan a dawo da shi.