Tsofaffin Bindigogin Ƙugu Na Sojan Faransa Da Harsasansu

Jama'a, a wannan karo za mu waiwayi tarihin ƙananan bindigogin da manyan sojan Faransa ke ratayawa a ƙugu. Dalili kuwa, wasu na tsammanin harsashi duk harsashi ne, muddin ya shiga rami. Ba haka ba ne. Kowace bindiga da harsashinta aka ƙera ta, kuma wanda ya ɗura mata na wata, yana iya rasa yatsu ko ido.

Mu fara da ta 1873, wadda aka ƙera a garin Santetiyan na ƙasar Faransa. Tana da ganga mai juyawa mai ramuka 6, faɗin harsashinta milimita 11. A lokacin nan baƙin albarushi ake amfani da shi, irin wanda maharbanmu ke ɗurawa, mai hayaƙi da yawa. Sai a 1884 wani masani Bafaranse mai suna Paul Vieille ya ƙago albarushi marar hayaƙi, wanda ƙarfinsa ya fi na baƙi nesa ba kusa ba. Ƙarfen bindigar 1873 ba don wannan sabon albarushi aka auna shi ba. In aka cika mata harsashi da ƙarfin na zamani, gangar na iya tsagewa a hannun mai harbi.

Daga nan sai ta 1892. Ita ce sabuwar bindigar manyan soja lokacin da Annasara suka shigo Birnin Konni da Damagaram a 1899. Ita ma ramukanta 6, gangarta kuwa ta hannun dama take buɗewa. Faɗin harsashinta milimita 8, tsawon kwansonsa 27. Doguwar bindigar Lebel ta 1886 ita ma milimita 8 ake ce wa nata, amma kwansonsa ya kusa ninka wancan. Tun nan za mu gane lamba ɗaya ba ta isa shaida ba.

Da yaƙin 1914 ya yi tsanani, bindigogi suka yi wa Faransa ƙaranci. A 1915 ta ba da kwangila ga maƙeran ƙasar Sipaniya, suka ƙera mata wadda ake kira Ruby, mai harsashi 7,65 da kwanso 17. Ƙananan maƙeru da yawa suka raba aikin, shi ya sa ingancin ƙarfen bai zo ɗaya ba, har gidan harsashin wata ba ya zama daidai cikin wata. Irin wannan bindiga ba a matsa mata da harsashi mai ƙarfi.

Daga baya Faransa ta zaɓi wata sabuwa, ta 1935, ita ma 7,65, amma kwansonta 20, ana ce masa dogo. Can a Jamus kuma akwai Luger, wadda wasunta ke cin 7,65 mai kwanso 21, mai wuya kamar kwalba. Ga harsasai uku ke nan da suna ɗaya, ba kuwa wanda ke zama madadin wani. Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne. Sai a 1950 Faransa ta koma ga milimita 9 mai kwanso 19, wanda Jamusawa suka fito da shi tun 1902. Shi ma akwai wanda ake cika shi da ƙarfin da ya wuce na zamanin da, tsohuwar Luger ba ta jure masa.

Shi kansa tsohon harsashi abin tsoro ne. Na soja na da, ƙwayar gindinsa da ke kunna albarushi tana barin wani gishiri cikin bututu, ya jawo laima, tsatsa ta ci ƙarfe, in ba a wanke da ruwan zafi an shafa mai ba. Wanda ya sha zafi da damina shekara da shekaru yakan yi jinkirin tashi bayan an ja kunama, don haka ba a gaggawar buɗewa ko juyo da bakin bindiga. Wani kuma ya tashi da rauni, dalma ta maƙale a bututu, na biyu in ya biyo sai ƙarfe ya fashe.

To, abin da muke roƙon ƴan'uwa shi ne, duk wanda ya gaji irin wannan bindiga, ya fara sanar da hukuma ya nemi takardar izini. Bayan haka ya kai ta wurin gwanin gyaran bindiga ya duba shekararta da lafiyar ƙarfenta, a gwada lambobi biyun nan, faɗi da tsawon kwanso, da abin da ke rubuce a gindin harsashi. In ba a sami nata na ainihi ba, a bar ta ta huta, a ɓoye ta inda yara ba su kai. Rigakafi ya fi magani.