Garin da Ake Auna Mayu

Babu tashar jirgin ƙasa a Oudewater. A Gouda muka sauka, muka hau bas, muka yi kusan rabin awa muna ratsa makiyaya shimfiɗaɗɗu kamar faifai, shanu masu baƙi da fari a tsaitsaye, kowane fili an kewaye shi da lambatu cike da ruwa. Direba ya ajiye mu a bakin gari, muka ƙarasa da ƙafa. Ma'anar sunan garin a harshen mutanen Holan ita ce tsohon ruwa, kuma a mahaɗar koguna biyu yake zaune, Hollandse IJssel da wani siriri mai suna Lange Linschoten. Da garin da ƙauyukansa gaba ɗaya mutanen ba su wuce 10,000 da 'yan kai ba. Kafin shayin da ka saya a wannan bakin ya huce, ka fita ta wancan bakin.

Abin da ya kai mu wani gini ne tsukakke na jan bulo, a tsakiyar gari, kusa da dandalin kasuwa. An gina shi a 1595. Da ka shiga za ka ga wani ƙaton sikeli irin na da: gungume a sama, faifan katako biyu suna reto a gefe da gefe, kowanne zai ɗauki ƙato a tsaye, ga duwatsun awo na ƙarfe an jera a ƙasa. Sunan wurin a yau Heksenwaag, wato ma'aunin mayu. Amma waɗanda suka gina shi ba mayu ne a ransu ba. Igiya ce da cuku.

Oudewater ya samu matsayin birni a 1265 daga hannun Bishop na Utrecht, kuma da igiya ya yi arziki. Manoman kewaye suna noma wata tsira da suke kira hennep, 'yar uwar tabar wiwi ce, sai dai don zarenta ake shuka ta, kamar yadda ake yi da rama. A jiƙa, a busar, a daka, a taje, sannan a kai wa matuƙa. Mai tuƙa igiya yakan naɗe zaren a ƙugunsa, yana tafiya da baya yana saki, wani yana juya masa dabaran. Saboda launin zaren nan da ke naɗe a cikinsu har yau ana tsokanar 'yan garin da laƙabin masu rawayan ciki. Ƙasar da rayuwarta ke kan jiragen ruwa kuwa ba ta ƙoshi da igiya. Gidan tuƙa igiyar da iyalin Van der Lee suka kafa, daga 1545 ake lissafa farkonsa.

To ina matsayin sikeli a wannan harka? A biranen Holan na wancan zamani, in kaya sun kai wani nauyi ba a yarda mai saye da mai sayarwa su auna a tsakaninsu ba. Dole a kai gidan awo na gari. Ma'auninsa na hukuma ne, mai awon ya yi rantsuwa, kuma kowane awo ana biyan ɗan kuɗi da ke shiga baitulmalin gari. Baƙon da ya zo daga nesa bai san manomin ba, bai san dillalin ba, abin da ya sani shi ne sikelin garin nan ba ya tauyewa. Ranar da labari ya fita cewa ana sa masa ƙafa, fatake sun koma kasuwar gaba, ga Gouda ga Woerden ga Schoonhoven duk a kusa. Saboda haka gaskiyar mai awo a nan ba ta tsaya ga halin mutum ɗaya ba, tukunyar kowa a gari a kanta take.

Wannan sikelin na kaya shi ne aka wayi gari mutane suna hawa.

Daga ƙarni na 15 zuwa na 18, Turai ta yi fama da farautar mayu. Masana tarihi suna ƙiyasta cewa tsakanin mutum 40,000 da 60,000 aka kashe ta hanyar kotu, mafi yawansu mata. Ba gungun 'yan tasha ne suke yi a duhu ba. Alƙalai ne da malaman coci, da littattafansu da hatiminsu. A biranen Würzburg da Bamberg na ƙasar Jamus, tsakanin 1626 da 1631, an ƙona ɗaruruwa, har da yara da limaman coci. A Roermond, wanda yau yake cikin Holan amma a lokacin yana ƙarƙashin Sifaniya, an kashe mutum 64 a shari'ar da aka fara a 1613. Saniya ta ƙafe, jariri ya mutu, ƙanƙara ta kashe amfanin gona, sai a waiwaya a nemi tsohuwar da aka yi cacar baki da ita makon jiya.

Cikin abubuwan da suka yi imani da su akwai cewa mayya ba ta da nauyi. Ta sayar da ranta ga Shaiɗan, kuma ai sai da rashin nauyi za ta iya tashi sama da dare. (Da a wurinmu ne, inda ake cewa ƙanƙara ce a cikin maye, sai dai a ce nauyi zai ƙara.) Daga wannan imani gwaje-gwaje biyu suka fito. Na farko na ruwa: a ɗaure wadda ake zargi a jefa a kogi, in ta taso sama mayya ce, in ta nutse an wanke ta, sai a jawo ta da igiya, in an yi sa'a da sauran numfashi. A 1594 malaman Jami'ar Leiden suka ba kotu shawara cewa tasowar mutum a kan ruwa ba ta tabbatar da komai. Na biyu shi ne awo. Akwai inda ake ɗora mutum a faifai ɗaya, a ɗora Littafi Mai Tsarki na coci a ɗayan. An yi haka a ƙauyen Wingrave na Ingila har a 1759.

Yadda ake yi a Oudewater kuwa, tsari ne irin na ofis. Wanda ake zargi shi yake kawo kansa, ya roƙi a auna shi. In mace ce, ungozomar gari ta shiga da ita ɗaki, ta tuɓe ta, ta bincika ko ta ɓoye wani abu mai nauyi, sannan a fito da ita da 'yar riga, ba takalmi. Dattawan majalisar gari suna tsaye a matsayin shaidu. Mai awo ya ɗora duwatsu har faifan su daidaita, ya faɗi adadi. Magatakarda ya rubuta takarda, ya buga hatimin gari, a ciki a ce an auna wance 'yar wane, an samu nauyinta kaza, kuma nauyin ya yi daidai da girman jikinta. Ta biya kuɗin aiki ta kama hanya. An san wasu sun zo tun daga yankunan Münster da Paderborn na Jamus. Ba a taɓa samun ko mutum ɗaya da sikelin ya ce bai kai nauyi ba.

In ka tambayi dalilin da ya sa aka yarda da takardar wannan ƙaramin gari, za a ba ka labarin Sarki Charles na Biyar, wanda ya haɗa mulkin Sifaniya da daular Jamus da ƙasashen Holan a hannunsa. Wai yana wucewa ta ƙauyen Polsbroek ya tarar an auna wata mace, mai awon da aka ba toshiya ya ce laba biyar ce, nauyin zakara ke nan. Sarki bai yarda ba, ya sa aka kai ta Oudewater, aka samu laba ɗari. Wai daga nan ya ba garin izini na musamman, a 1545. Labari ne mai daɗi, yana kuma sayar da tikiti, amma masana tarihi sun nemi takardar izinin ba su gani ba. Sunayen waɗanda aka auna da suka rage a rubuce ma ba su da yawa, nesa da tururuwar da baƙo zai zata in ya ji ana cewa daga ko'ina a Turai ake zuwa. Masu kare labarin suna da amsa: takardun sun ƙone a 1575.

Wannan shekarar dai ba tatsuniya ba ce. A 1572 Oudewater ya bi sahun farko na biranen da suka yi wa Sarki Philip na Biyu na Sifaniya tawaye, suka bi William na Orange, kuma wakilinsa ya halarci taron da 'yan tawaye suka yi a Dordrecht a watan Yuli na shekarar. Bayan shekara uku sojojin Sifaniya suka zo ƙarƙashin kwamandansu Hierges, suka kewaye garin. Ranar 7 ga Agusta, 1575, suka fasa ganuwa. Suka bi gida gida da takobi, wuta ta cinye mafi yawan garin. Akwai wani yaro ɗan garin, maraya, mai kimanin shekara 15, da wani malamin lissafi ɗan garinsu, Rudolph Snellius, ya tafi da shi karatu Marburg 'yan watanni kafin nan. Ya dawo ya tarar an kashe mahaifiyarsa da 'yan uwansa. Shi ne Jacobus Arminius, wanda daga baya ya zama malamin tauhidin Kirista a Leiden, ya yi jayayya da masu cewa tun fil'azal an rubuta wa wasu halaka ba tare da la'akari da zaɓinsu ba. Muhawarar ta raba cocin Holan biyu, kuma har yau ana kiran wani ɓangare na Furotesta da sunansa. Shi kuma Snellius, ɗansa Willebrord ne mai dokar lanƙwasar haske da ta wahalar da mu a ajin Fiziks. Ba mu taɓa tsammanin za mu ci karo da gidansu a nan ba.

Ke nan ginin da muke tsaye a ciki, shekara 20 bayan kisan aka ɗaga shi, kuma waɗanda suka ɗaga shi sun ga gawawwaki a wannan dandali. Zauren majalisar gari ma, wanda farar shamuwa ke yin sheƙa a kan rufinsa, na 1588 ne. Muna jin kwaɗayin mu ce abin da suka gani ne ya sa suka ƙi zubar da jinin wasu. Amma Jamusawan da suka ƙona ɗaruruwa su ma a tsakiyar yaƙi suke, wahala ba ta sa musu tausayi ba. Bayanin da ya fi kama hankalinmu ya fi wannan bushewa. Mutanen Oudewater 'yan kasuwa ne masu sikeli ɗaya. Ba za ka ce ya yi ƙarya a kan mace ran Talata, sannan ka sa ran a yarda da shi a kan damin zare ran Laraba ba.

A sana'armu ta rubuta manhajar kwamfuta, gwajin da bai taɓa faɗuwa ba abin zargi ne. In ka ga kullum yana cewa lafiya lau, mai yiwuwa ba ya gwada komai. Sikelin Oudewater irinsa ne, kuma da wuya a ce mai awon da ya shekara yana ɗaga duwatsu bai san cewa babu baligi mai nauyin zakara ba. Duk da haka ba su tsaya a dandali sun ce jama'a, wannan magana shirme ce ba. Sun karɓi tambayar yadda aka kawo ta, sun amsa da gaskiya, sun karɓi kuɗinsu. Wanda ya fito ya faɗa a fili shi ne Balthasar Bekker, limamin coci a Amsterdam, da ya wallafa littafinsa De Betoverde Weereld a 1691, yana musun cewa Shaiɗan na da irin ikon da ake jingina masa. Shekara ɗaya bayan haka aka tuɓe shi daga limanci.

Wa ya fi amfanar matar da maƙwabta suka sa wa ido? Mun daɗe muna juya wannan a bakin kogi, da cuku da burodi a hannu. Bekker ne mai gaskiya tsantsa, kuma kowace takarda da Oudewater ya buga wa hatimi tana ƙara tabbatar wa mutane cewa akwai masu rashin nauyi a wani wuri, wannan ce dai ba ta ciki. Sai dai matar ba ta da shekara hamsin da za ta jira littafi ya sauya tunanin ƙauyensu. Abin da take bukata kafin kaka shi ne wani abu da za ta miƙa wa mai unguwa. Mu da muka tashi muna jin yadda ake sa wadda aka zarga da kama kurwa ta tsallaka mara lafiya, mun san irin gwajin da ba shi da ƙofar fita: in ya warke, an ce ta sake shi, in ya mutu, an ce ta cinye. Na Oudewater ƙofar fita kaɗai yake da ita.

Yanzu gidan ya zama ɗakin tarihi, kowane baƙo yana iya hawa. Mun hau. Faifan ya ɗan yi lilo, sai da muka kama igiya. Matar da ke kula da wurin ta tambaye mu cikin raha ko muna yawon dare, ta ɗora duwatsu, ta faɗi adadi da ƙarfi yadda kowa zai ji, wasu yara 'yan makaranta suka fashe da dariya. Aka ba mu takarda mai ɗauke da suna da nauyi. Ba mu ɓata minti biyar ba.

A 1729 wani mutum da matarsa sun hau wannan faifan. Daga ƙauyen Meerkerk suka zo, hayin kogin Lek. A lokacin an fi shekara ɗari rabon da wata kotu a lardin Holland ta kashe wani don maita, littafin Bekker ma ya kusa shekara 40 a kasuwa. Ba alƙali suke gudu ba, maƙwabta ne suka hana su sakat. Aka tuɓe su, aka auna, aka rubuta, suka biya. Sannan suka naɗe takardar, suka sake ƙetare Lek, suka koma gidansu, a kan layin da suka baro.